BABI NA UKU: DAGA FAGEN FAMA ZUWA GADON ASIBITI A YAƘIN BAMA, 1943–1945

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda Turawan mulkin mallaka suka ɗebi samari daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya suka kai su Indiya, daga can kuma suka shigar da su ƙasar Bama, wadda a yau ake kira Myanmar, domin su yaƙi Japanawa. A wannan babi kuwa za a duba abin da kan sami soja tun daga lokacin da harsashi ya same shi har zuwa ranar da ya kwanta a gadon asibiti.

Abin da babin yake son ya tabbatar shi ne, a dajin Bama ba girman rauni kaɗai ke kashe soja ba. Sau da yawa abin da ke raba mai rai da mamaci shi ne ko an sami masu ɗauke shi da wuri, da kuma ko hanyar da za a bi da shi a buɗe take. Domin fito da wannan batu fili, za a fara bayyana tsarin kwashe masu rauni kamar yadda sojan Birtaniya suka shata shi, sa'an nan a duba yadda ƙasar Bama ta sauya shi, daga bisani a kawo labarin wani sojan Nijeriya, Isaac Fadoyebo, wanda tsarin ya yanke a kansa a shekarar 1944.

3.1 Tsarin Kwashe Masu Rauni

Sojan Birtaniya sun gaji wannan tsari ne daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma an gina shi mataki-mataki. Kowane soja yana ɗauke da ƙullin bandeji a aljihunsa, wanda shi ko abokinsa zai ɗaure wa raunin don tsayar da jini. Wannan shi ne matakin farko. Daga nan sai masu ɗaukar gadon majiyyata su kai shi wurin likitan bataliya, wanda kan kafa ɗan sansaninsa a bayan fagen daga kaɗan. A nan ne ake yi masa allurar mofin don kashe zafi, a barbaɗa garin salfa a kan raunin don hana shi ruɓewa, a ɗaure karaya idan akwai. Akan maƙala masa kati mai ɗauke da sunansa da lambarsa da irin rauninsa, wani lokaci kuma a rubuta harafin M a goshinsa domin likitan gaba ya san an riga an ba shi mofin.

Mataki na uku shi ne tashoshin ɗaurin rauni, ƙarama a gaba, babba a baya. Na huɗu shi ne tashar tantance majiyyata, inda ake da likitocin fiɗa da ɗakin tiyata da kayan ƙarin jini. A nan ake yanke ruɓaɓɓen nama, a cire harsashi, a sa wa ƙafar da ta karye ƙarfen ɗori na Thomas, a naɗe ta da filasta don ta jure tafiya. Mataki na ƙarshe shi ne babban asibitin soja da ke can nesa da ƙarar bindiga.

Dalilin wannan tsari duka shi ne lokaci. Likitocin wancan zamani sun yi ittifaƙi a kan cewa raunin harsashi yana bukatar a wanke shi, a yanke mataccen namansa cikin sa'o'i shida zuwa takwas, in ba haka ba ƙwayoyin cuta su kama shi. Wanda aka harba a ciki kuwa ya fi kowa bukatar gaggawa. Ke nan kowane mataki ya dogara ne a kan wanda ke bayansa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

3.2 Yadda Ƙasar Bama Ta Sauya Tsarin

An shata wannan tsari ne da tunanin ƙasar da ke da hanyoyin mota da na jirgin ƙasa. Yankin Arakan, wanda a yau ake kira Rakhine, ba shi da ko ɗaya daga cikinsu ta ɓangaren da sojojin Afirka ta Yamma suka shiga. Tsaunuka ne masu tsayi a jere, an lulluɓe su da dajin gora, ga rafuffuka a kowane kwari. Damina kan fara a watan Mayu ta kai Oktoba, kuma ruwan da ke sauka a bakin tekun yankin kan kai inci 200 a shekara.

Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, a ƙarƙashin Manjo-Janar Woolner, ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944. Kafin ta isa, sai da sojojinta suka sare daji da adda da diga suka buɗe hanyar ƙaramar mota mai tsawon fiye da mil 70 daga Chiringa. Bayan haka abincinta da harsasanta duk ta sama ake jefo mata su da laima. Wannan ya sa rundunar ta zama mai tafiya da ƙafa, kuma kayanta a ka ake ɗaukar su.

Masu ɗaukar kayan su ne sojojin da ake kira 'yan ƙungiyar taimako, waɗanda mafi yawansu ba a ba su bindiga ba, sai adda. Su ne ke tsince kayan da aka jefo, su ne ke dakon su, su ne kuma ke ɗaukar wanda ya ji rauni idan an yi arangama. Gado guda yana bukatar mutum huɗu, wasu kuma suna biye don karɓar su idan sun gaji. A hawan tsauni mai santsi, tafiyar da lafiyayye zai yi cikin sa'a guda tana iya cin wuni. Shi kuwa na kan gadon, duk tuntuɓen da ɗaya daga cikinsu ya yi a jikinsa yake ƙarewa. Inda kogi ya ba da dama, akan sa majiyyata a kwalekwale ko a kan gororin da aka ɗaɗɗaure suka zama abin hawa a ruwa.

Akwai kuma wani abin lura game da su wane ne ke jinyar. Tun kafin yaƙin, yawancin masu riƙe da bindiga a rundunar Nijeriya daga Arewa ake ɗibar su, kuma Hausa ce harshen bariki. Da yaƙi ya zo aka bukaci akawuna da direbobi da ma'aikatan jinya masu iya karatun boko, sai aka ɗebi da yawa daga Kudu, inda makarantun mishan suka yawaita. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga Bahaushe a kwance, ɗan Kudu yana wanke masa rauni, likita Bature yana ba da umurni, Hausar bariki da Ingilishi suna haɗa su.

3.3 Ciwo Ya Fi Harsashi Ɓarna

Ba za a fahimci halin da mai rauni ya shiga ba sai an san cewa ba shi kaɗai ne ke neman gado ba. Janar William Slim, wanda ya shugabanci Runduna ta 14 da sojojin Afirka ta Yamma ke ƙarƙashinta, ya bayyana a littafinsa Defeat into Victory na 1956 cewa a shekarar 1943, duk mutum guda da aka kwashe saboda rauni, akwai 120 da aka kwashe saboda ciwo. Zazzaɓin cizon sauro kaɗai ya kama kashi 84 cikin ɗari na rundunar a shekara. Ban da shi akwai atuni da cututtukan fata da wani zazzaɓi mai kisa da ƙananan ƙwarin ciyawa ke kawowa.

Slim ya ɗauki matakai guda biyu masu muhimmanci. Na farko, ya tilasta wa kowane soja shan ƙwayar mefakirin kullum, kuma ya ɗora alhakin hakan a wuyan kwamandoji. Akan kai wa bataliya binciken ba-zata, idan waɗanda aka samu suna shan maganin ba su kai kashi 95 cikin ɗari ba, sai a tuɓe kwamandan. Mutum uku ya tuɓe, sauran suka shiga taitayinsu. Na biyu, ya sa aka kafa asibitocin zazzaɓi kusa da fagen daga, ta yadda sojan da a da sai ya yi kusan wata biyar kafin ya dawo daga Indiya, yanzu cikin mako uku ya koma bakin aikinsa. A 1943 mutum 12 cikin dubu ke kwantawa ciwo kowace rana. Zuwa 1945 adadin ya sauko zuwa mutum guda cikin dubu. Amfanin wannan ga mai rauni a fili yake: gadaje da jirage da likitocin da masu zazzaɓi suka cinye a da sun sami sararin kula da shi. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

3.4 Zuwan Jirgin Sama

Babban sauyin da aka samu a 1944 shi ne kwashe majiyyata ta sama. Ƙaramin jirgin Amurka mai suna L-5 yana iya sauka a ɗan gajeren fili, ya ɗauki mutum guda a kwance. Babban jirgin Dakota kuwa, bayan ya sauke kaya, yana iya komawa da mutum 18 zuwa 24 a kan gadaje. Filayen da jiragen ke sauka a kwarin Kaladan, sojojin Afirka ne suka share su da hannu, suna sare gora, suna fasa kunyoyin gonakin shinkafa, suna daddaɓe ƙasa. Ta haka tafiyar da a ƙafa za ta ci makonni ta koma ta sa'o'i kaɗan zuwa asibitocin Chittagong da Comilla.

Birged ta 3, wadda ta ƙunshi bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na rundunar Nijeriya, an ware ta aka haɗa ta da mayaƙan Chindit na Janar Wingate, waɗanda aka sauke a bayan layin Japanawa a arewacin Bama. Su ba su da wata hanyar fitar da majiyyaci sai ta sama. Da damina ta lalata filayen sauka a watan Yuni 1944, sai aka kawo manyan jirage biyu masu sauka a ruwa, samfurin Sunderland, suka riƙa sauka a tafkin Indawgyi, suka fitar da majiyyata fiye da 500.

Sai dai jirgi ba ya zuwa inda soja ya faɗi. Tsakanin wurin da aka harbe shi da filin sauka, har yanzu kafaɗar ɗan'uwansa ce abin hawansa. Haka kuma alamar asibiti ba ta zama kariya ba a wannan yaƙi. Japan ta sa hannu a kan yarjejeniyar Janeba ta 1929 game da fursunonin yaƙi, amma ba ta tabbatar da ita ba. A daren 7 ga Fabrairu 1944, a Sinzweya da ke Arakan, sojojin Japan suka afka wa babbar tashar ɗaurin rauni ta Runduna ta 7 ta Indiya, suka kashe ma'aikatan lafiya da majiyyata 35. Bai kai wata guda ba bayan wannan, irin wannan ƙaddara ta faɗa wa wata tashar ta sojojin Afirka a Kaladan.

3.5 Labarin Isaac Fadoyebo

An haifi Isaac Fadoyebo a 1925 a ƙauyen Emure-Ile kusa da Owo, a ƙasar Yarabawa. Ya shiga soja a farkon 1942 yana ɗan shekara 16, a kan albashin sule guda a rana, aka koya masa aikin jinya, aka tura shi Tashar Tantance Majiyyata ta 29 da ke tare da Runduna ta 81. Wato shi kansa ɗaya ne daga cikin waɗanda aka tanada don ceton masu rauni.

A ƙarshen Fabrairu 1944 rundunar ta kai yankin Kyauktaw, tashar tasu kuma tana biye da ita ta kogi a kan gorori, bisa zaton cewa bayan rundunar ba abokin gaba. Ashe Japanawa sun zagayo. Da safiyar 2 ga Maris 1944, suna sansani a bakin kogin kusa da wani ƙauye, sai aka buɗe musu wuta daga ɗaya gaɓar. Harsashi ya farfasa wa Fadoyebo ƙashin ƙafar dama, wani kuma ya same shi a jiki. Wani likitan tashar, Kyaftin Richard Brown, ya rarrafo ya taimake shi. Da Japanawa suka haye kogin sai suka tafi da likitan, ba a sake ganinsa ba. Shi kuwa Fadoyebo suka bar shi kwance, ganin cewa ba zai kai labari ba.

Idan aka auna da tsarin da aka bayyana a 3.1, mai irin wannan karaya ya kamata a ce cikin sa'o'i kaɗan an sa masa ƙarfen ɗori, an yi masa tiyata, an ɗora shi a jirgi. Amma rundunar tana janyewa daga yankin, tashar da za ta yi masa aikin kuwa ita ce aka tarwatsa. Ba likita, ba mofin, ba bandeji. Raunin ya ruɓe har ya yi tsutsa. Abokansa da suka ji rauni tare suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga shi sai Saje David Kargbo, mutumin Saliyo.

Abin da ya tsayar da ransu shi ne mutanen ƙauyen, waɗanda Musulmi ne daga al'ummar da a yau ake kira Rohingya. Wasu sun kwashe musu kaya, wasu kuwa sun riƙa kawo musu shinkafa da ruwa a ɓoye. Su biyun suka nuna wa mutanen cewa su ma Musulmi ne, domin neman tausayinsu. Bayan sun yi makonni a wata 'yar bukka a daji, wani talakan manomi mai suna Shuyiman ya ɗauke su ya kai su gidansa, ya ɓoye su, ya ciyar da su daga ɗan abin da iyalinsa ke ci. Ya yi haka yana sane da cewa idan Japanawa suka gano, ransa da na iyalinsa ne a bakinsa.

Haka suka zauna har damina ta wuce. Da Runduna ta 81 ta sake gangarowa kwarin Kaladan, aka ceto su a watan Disamba 1944, bayan wata tara. Daga nan ne Fadoyebo ya shiga tsarin da ya kuɓuce masa tun Maris, aka kai shi asibitin soja a Indiya aka yi masa aiki. Ransa ya tsira, amma jinkirin ya riga ya yi ɓarnarsa, domin da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa.

3.6 Zaman Asibiti da Komawa Gida

Wanda rauninsa ya yi tsanani ba ya tsayawa a asibitocin gabashin Bengal. Akan wuce da shi can cikin Indiya, zuwa garuruwa irin su Poona da Secunderabad. Tafiyar ƙasa daga Chittagong zuwa Kalkata kanta wahala ce ga mai karaya: jirgin ƙasa zuwa Chandpur, jirgin ruwa zuwa Goalundo, sa'an nan wani jirgin ƙasan. Kowane canji yana nufin a sake ɗaga shi, a sake ajiye shi.

A asibiti akan sami abin da babu shi a daji, wato gado mai tsabta da nas-nas da hoton ƙashi, ga kuma maganin fenisilin wanda ya fara isowa wannan fagen yaƙi a 1944. Amma asibitocin a rarrabe suke, na Turawa daban, na Indiyawa daban, na 'yan Afirka daban, kamar yadda albashi da abinci suke a rarrabe. Bayan jinya, kwamitin likitoci ne ke yanke hukunci: wanda ya warke sarai a mayar da shi bataliyarsa, wanda ya nakasa a sa shi a jirgin ruwa zuwa gida a sallame shi.

Fadoyebo ya koma Nijeriya a 1945. Da yake an daɗe da sanar da danginsa cewa ya ɓace, kuma sun fid da rai, da ya iso ƙauyensu sai da aka watsa masa ƙasa bisa al'adarsu, don a tabbatar mutum ne ba fatalwa ba. Ya yi aikin gwamnati a Legas har ya yi ritaya. A 1989, da gidan rediyon BBC ya nemi labaran tsofaffin sojojin Afirka, ya aika da nasa a rubuce. Masanin tarihi David Killingray ya shirya shi aka buga a 1999 da sunan A Stroke of Unbelievable Luck. A 2011 ɗan jarida Barnaby Phillips ya je Bama ya gano iyalin Shuyiman, wanda ya riga ya rasu, ya miƙa musu wasiƙar godiya daga Fadoyebo. Shi kuma Fadoyebo ya rasu a 2012.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa tsarin kwashe masu rauni ya dogara ne a kan lokaci, kuma dajin Bama ya tsawaita wannan lokaci. An ga yadda yaƙi da zazzaɓi da zuwan jirgin sama suka gajarta shi daga 1944. An kuma ga, ta labarin Fadoyebo, abin da ke faruwa idan mataki guda ya yanke: mutumin da aikin sa'o'i kaɗan zai gyara masa ƙafa ya yi wata tara a kwance, ya tashi da nakasar da ta bi shi har kabari, abokansa kuwa ko hakan ba su samu ba.

Abu na biyu da ya fito fili shi ne, duk da likitoci da jirage, matakin da ya fi kusa da mai rauni a hannun talakawa yake: ɗan dako mai adda wanda ya ɗauki gado kuma ya share filin jirgi, da ma'aikacin jinya mai sule guda a rana, da baƙauye irin Shuyiman. Runduna ta 82 kaɗai ta yi asarar mutum 2,085 tsakanin matattu da masu rauni da ɓatattu a yaƙin Arakan na 1944 zuwa 1945, kuma kowane mai rauni a cikinsu sai da wani ya ɗauke shi. A yau sunayen da suka shafi yaƙin suna nan a barikoki, kamar Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Myohaung a Legas, waɗanda suka mutu ba a san kabarinsu ba kuma an rubuta sunayensu a dutsen tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon. Amma ƙalilan ne daga cikin waɗanda suka dawo da rauni suka bar labarinsu a rubuce, shi ya sa na Fadoyebo yake da daraja ga mai nazarin tarihi.

A babi na gaba za a duba halin da waɗannan nakasassun sojoji suka tsinci kansu a ciki bayan sallama, musamman batun fansho da neman aikin yi.